Weji, Fiffike, Faranti ko Wuƙa: Wanne Ne Zai Sa Jirgi Mai Gudu Ya Hau Ruwa da Wuri?

Duk wanda ya taɓa shiga ƙaramin jirgin faiba daga tashar Ikorodu zuwa Marina a Legas ya san wannan ɗan lokacin. An bar bakin tasha, direba ya danna totur, inji ya yi ruri, sai goshin jirgi ya ɗaga sama har ka daina ganin ruwan da ke gaba, gindinsa kuma ya nutse kamar an jibga masa buhunan siminti. Jirgin yana ta gurnani yana turo ruwa, amma gudunsa bai wuce na mai keke ba. Can sai ka ji yaron jirgi yana daka wa na baya tsawa su matso gaba. Mutum uku su rarrafo su koma kujerar farko, goshin ya sauko, muryar inji ta canza, jirgin ya miƙe ya fara sulɓi a saman ruwa.

Yayana ya zuba jarinsa a irin wannan jirgi, mai tsawon mita 7 da inji ɗaya mai ƙarfin doki 115. Bai yi wata biyu yana aiki ba ya bugo mini waya. "Kai, jirgin nan ba ya tashi da wuri, mai kawai yake sha. Ina ganin inji mai doki 200 zan sa masa in huta." Na ce, "Yaya, kafin ka sayar da fili ka sayi inji, bari mu ga yadda yake zama a ruwa tukuna." Abin da na bi na duba masa shi ne zan shimfiɗa a nan, domin kayan gyaran zaman jirgi suna da yawa a kasuwa, kowane mai sayarwa kuma nasa yake yabo.

Tudun da jirgi yake haƙa wa kansa

Jirgin da ke tafiya a hankali ruwa ne ke ɗauke da shi, kamar ƙwarya a randa. Yana tafiya yana tura igiyar ruwa a gabansa, kuma tsawon jikinsa ne ke yanke masa iyakar gudun da zai yi cikin sauƙi. Mai tsawon mita 6 iyakarsa wajen kilomita 11 ne a awa. Da zarar ya nemi wuce haka, sai ya tarar da kansa yana hawan igiyar da shi ya tayar: goshi a kan tudu, gindi a cikin rami. A nan ne jan ruwa ya fi tsanani, a nan ne inji ya fi wahala, a nan ne mai ya fi ƙonewa a banza. In ya haye tudun, yawanci wajen kilomita 25 zuwa 30 a awa ga ƙananan jirage, ruwan da ke dukan cikinsa ne zai ɗaga shi, ya rage nutsewa, ya tafi kamar dutsen da yaro ya cilla a kwance a kan tafki.

Daniel Savitsky, injiniya a Cibiyar Fasaha ta Stevens da ke Hoboken a Amurka, ya fitar a 1964 da lissafin da masu zana irin waɗannan jirage suke aiki da shi har yau. Abin da direba zai ɗauka daga ciki bai da yawa: jirgin da ya hau ruwa ya fi sauƙin tafiya idan cikinsa ya karkata sama kaɗan, wajen digiri 3 zuwa 5. In ya kwanta fiye da haka, jiki mai yawa na gogar ruwa. In ya ɗaga fiye da haka, yana tura ruwa kamar garma. Lokacin hawan tudu kuwa goshi kan ɗaga ya ninka wannan, shi ya sa duk dabarun da za mu duba aikinsu guda ne: su tallabi gindi, su danne goshi na ɗan lokaci, sannan su sakar wa jirgi mara da zarar ya miƙe. Inda suka bambanta shi ne ƙarfin tallabar, da saurinta, da ko suna iya janyewa in an gama da su.

Akwai wata ƙa'ida da za ta yi ta dawowa. Ƙarfin da ruwa ke dukan farantin da aka liƙa a gindin jirgi da shi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. In gudu ya ninka biyu, dukan ya ninka huɗu. In ya ninka uku, dukan ya ninka tara. Saboda haka abin da ke aiki sosai a kilomita 50 yana iya zama ɗan kallo a kilomita 15, inda aka fi buƙatarsa.

Manyan jiragen katako masu ɗaukar buhuna da shanu a tafkin Kainji ko a Baga ba sa cikin wannan zance. Su ba sa hawa ruwa, ratsa shi suke yi, ko an liƙa musu faranti goma ba abin da zai ƙaru.

Abin da ba a biya ko kwabo

Yaron jirgin nan mai tsawa yana da gaskiya, hanyarsa ce kawai ke da haɗari, don tashin mutane a jirgi mai tafiya shi ke kifar da shi. Gyaran kaya tun a tasha ya fi. Jarkar fetur mai lita 25 tana kai kilo 19. Huɗu sun kai kilo 75, nauyin mutum guda. A jirgin da nauyinsa duka, da mutane da kaya, ya kai kilo 1,500, in aka ɗauke waɗannan jarkoki daga gefen inji aka kai su gaba da mita 3, tsakiyar nauyin jirgin ta matsa gaba da santimita 15. A ido ba komai ba ne, a ruwa kuwa yana iya zama bambancin jirgin da ya haye tudu da wanda ya maƙale a kai. Haka batir, haka anga, haka ruwan da ya taru a ƙasan daɓe ba a kwashe ba, wanda da zarar goshi ya ɗaga yake gangarowa baya gaba ɗayansa ya ƙara danne gindi.

Aibinsa shi ne kaya ba sa komawa baya da kansu. Nauyin da ya taimake ka ka tashi yana nan a gaba bayan ka miƙe, yana rage maka gudun ƙarshe, kuma in igiya ta biyo ka ta baya goshi mai nauyi yana iya cusa kai cikin ruwa. A matsa kaya daidai gwargwado, ba a tara su a hanci ba.

Tirim na inji, wanda kowa ke da shi amma kaɗan ke amfani da shi

A nan zan daɗe, don a nan aka fi yin asara. Ƙafar injin da ake ratayawa a bangon baya tana iya matsowa jikin jirgi ko ta nisanta, wannan motsin shi ake kira tirim. In an matso da ita ciki, farfela tana tura jirgi gaba tare da ɗan tura gindi sama, goshi ya sauko. In an fitar da ita waje, tana danne gindi, goshi ya ɗaga. A manyan injuna maɓalli ne a hannun totur, famfon man haidurolik ke motsa ƙafar, kuma iyakar motsin wajen digiri 20 ne. A ƙananan injuna irin Yamaha Enduro 40 da suka cika koguna, wani ƙarfe ne ake sokawa a ɗaya daga ramuka huɗu ko biyar, ƙafar ta jingina da shi.

Yadda ake yi da mai maɓalli ba wuya. Kafin a taka wuta, a sauke ƙafa ciki har ƙarshe. A ba shi wuta sosai, ba a yi ta lallaɓawa ba, domin daɗewa a kan tudu shi ne ɓarnar. Da goshi ya sauko, jirgi ya miƙe, sai a riƙa ɗaga ƙafar kaɗan-kaɗan, taɓawa ɗaya a saurara. Za ka ji sitiyari ya yi sauƙi, juyin inji ya ƙaru ba tare da ka ƙara totur ba, feshin ruwan gefe ya koma baya. In ka wuce gona da iri jirgin zai gaya maka: ko ya fara sukuwa, goshi na tashi yana faɗuwa, ko farfela ta sha iska, inji ya yi ihu gudu ya ragu. Sai ka mayar kaɗan. Kafin kwana mai tsanani ma a ɗan mayar ciki.

Kuskure biyu na fi gani. Na farko direban da ya tsaya ya sauke fasinja, ya manta ƙafa tana waje, ya sake taka wuta a haka. Jirgi ya miƙe tsaye kamar dokin da aka ja wa linzami, shi kuma yana zagin inji. Na biyu wanda ya bar ƙafa a ciki har ƙarshen tafiya. Shi jirginsa yana tashi da wuri, amma yana noma ruwa da hanci, sitiyari na ja dama in farfelar mai juyin dama ce kamar yawancinsu, kuma a babban gudu hancin yana iya kama ruwa ya fizgi jirgin gefe guda ba shiri.

Mai ƙarfe da ramuka ba shi da wannan gata. Rami ɗaya zai zaɓa ya yi tafiyar duka da shi, saboda haka sulhu zai yi: ramin ciki in kaya sun yi nauyi, na tsakiya in jirgi ba kowa. In mutum yana tsakanin sayen inji mai tirim na maɓalli da marar shi, kuma jirginsa mai hawa ruwa ne, ni ban ga abin tsayawa tunani ba. Kuɗin da ke tsakani yana dawowa ta jarka.

Kamfanoni sun sa wa wannan aiki kwamfuta. Kamfanin injinan jirgi na Mercury ya fito da Active Trim a 2016, yana duba gudu ta GPS da juyin inji yana motsa ƙafa da kansa, da tsari biyar da za a zaɓa gwargwadon jirgi, kuma in gudu ya wuce wajen kilomita 80 a awa yana mayar wa direba da iko. Ga mai jirgin da direbobi ke canzawa yana da amfani, don ba ya mantuwa. Sai dai gudu yake gani, ba ya ganin igiyar da ke tahowa, kuma ba ya ba inji wani ƙarfin da ƙwararren babban yatsa ba zai ba shi ba.

Iyakar tirim na inji ita ce wannan: da ƙarfin farfela yake aiki. Duk abin da aka karkatar don tallabar gindi an rage shi daga turawa gaba. Kuma inji ɗaya ba ya gyara jirgin da ya kwanta gefe guda.

Weji, jak da farfela

Yawancin bangon baya ana karkata shi wajen digiri 12 zuwa 14 don ƙafar inji ta samu shiga ciki. Jiragen da ake zubawa a ƙananan masana'antu wani lokaci bangonsu ya fi haka miƙewa, sai ka sauke ƙafa har ƙarshe amma ba ta shiga yadda ya kamata ba. Maganinsa weji ne, wato ɗan ƙarfen alminiyam mai kauri a gefe ɗaya da siriri a ɗaya, yawanci mai digiri 5, da ake sawa tsakanin inji da bango. Arha ne, ba waya, ba abin lalacewa. Amma abin da ya ƙara maka a ciki ya rage maka a waje, kuma ya buɗe wa direban da bai ƙware ba ƙofar danne hanci fiye da kima.

Jak na inji yana ɗaga shi sama ko ƙasa a miƙe. Masu tsere da masu tashi daga ruwa marar zurfi ne suka fi morarsa. Ga jirgin haya ya isa a tabbatar farantin da ke saman farfela yana daidai da ƙasan jirgi ko kusa da haka. Ban ba Yaya shawarar jak ba.

Farfela ba kayan tirim ba ce, amma duk wanda ya tsallake ta ya je sayen faranti ya bar jaki yana dukan taiki. Lambar da ke jikinta tana nuna takunta, wato inci nawa za ta ci gaba a juyi ɗaya. Babban taku kamar tashi da mota a giya ta uku ne. Rage inci ɗaya yana ƙara wa inji juyi 150 zuwa 200 a minti. Ma'aunin shi ne a cika jirgi da kayan da ya saba ɗauka, a taka wuta har ƙarshe, a ga ko juyin ya shiga iyakar da littafin injin ya faɗa. Ga yawancin Enduro 4,500 zuwa 5,500 ne, ga yawancin injuna masu bugu huɗu 5,000 zuwa 6,000. In bai kai ba, farfelar ta yi masa nauyi. Mai kunne huɗu ta fi mai uku kama ruwa wajen tashi, tana kuma ɗan tallabar gindi, sai dai takan ci kaɗan daga gudun ƙarshe.

Fiffike da farantin sifirin

Fiffiken roba da ake ɗaurewa a ƙafar inji, irin Doel-Fin ko SE Sport, shi ne abin da kowa ke fara saya don kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. A ƙaramin jirgi mai mita 4 ko 5, mai nauyin gindi, musamman wanda direba ke zaune a baya yana riƙe da hannun inji, yana aiki: goshi ba ya ɗagawa sosai, jirgi na iya zama a kan ruwa da ƙaramin gudu. Amma a tsakiya yake, ba ya gyara kwanciya gefe. Ba ya janyewa, in ƙafa ta yi zurfi yana cikin ruwa yana ja har ƙarshen tafiya. Yawancinsu sai an huda ƙafar inji, kuma duk nauyin da ya tallaba a kan wannan siririn farantin alminiyam yake sauka. Na taɓa ganin wanda wani bakanike ya huda dab da baki, ranar da ƙafar ta daki kututture ya tafi da ɓangaren farantin gaba ɗaya. A jirgi mai tsananin gudu kuwa yana iya canza halinsa a kwana. Jirgin Yaya ya fi ƙarfinsa.

Kusa da shi akwai Smart Tabs na kamfanin Nauticus: faranti biyu a bangon baya, kowanne da sifirin na gas da ke danne shi ƙasa. A ƙaramin gudu suna ƙasa suna tallaba, gudu na ƙaruwa ruwa na tura su sama. Dabara ce mai kyau, ba batir, ba maɓalli, kuma a ganina sun fi fiffike ga ƙaramin jirgi don nauyin a jikin jirgi yake sauka. Rashin maɓallin ne kuma aibinsu. Ranar da igiya ke bin ka ta baya kana tafiya a hankali, lokacin da kake son goshi a sama, su suna ƙasa, ba ka da yadda za ka yi daga wurin tuƙi.

Faranti masu maɓalli

Waɗannan su ne masu sayarwa ke kira tirim tab. Faranti biyu ne na ƙarfen da ba ya tsatsa, ɗaya dama ɗaya hagu, a manne da gefen ƙasa na bangon baya da maɗauri irin na ƙofa. In an sauke su, ruwan da ke fitowa daga ƙarƙashin jirgi ya dake su ya karkata ƙasa, su kuma su ɗaga gindi. Charles Bennett ne ya ƙirƙiro masu motsi wajen 1960 a Amurka, kamfaninsa na Bennett Marine da ke Fulorida yana nan, Yamaha ya saye shi a 2017. Nasa na asali da famfon mai suke aiki. Lenco, shi ma a Fulorida, ya yi suna da masu motar lantarki a cikin sandar turawa.

Tsakanin biyun, masu aiki da mai famfonsu yana cikin jirgi inda ruwa ba ya kaiwa, abin da ke waje sanda ce kawai, kuma in ta yi yoyo ana iya gyarawa. Na lantarki sun fi saurin amsawa da sauƙin ɗaurawa, waya ce kawai ba bututu, amma motar tana cikin ruwa, ranar da ya shige ta sai dai a sake sabuwa. Inda kayan gyara sai an yi odarsu daga waje, wannan abin a auna ne.

Babbar fa'idarsu ita ce raba aiki. Faranti su ɗauki tallabar gindi, inji ya koma tura jirgi gaba kawai. Kuma da yake kowanne na motsi shi kaɗai, suna gyara kwanciya gefe, ko ta kaya ce, ko ta iska, ko ta murɗin farfela. Sai an saba, don aikin a gicciye yake: sauke na hagu yana ɗaga gindin hagu ya danne goshin dama. Sababbin direbobi sukan danne maɓalli su riƙe, jirgi ya wuce inda ake so, su koma ɗaya gefen, a yi ta lilo. Taɓawa ce ta rabin daƙiƙa, a jira jirgi ya amsa.

Girma shi ne inda ake cutar mutane. Ƙa'idar da Bennett ke bayarwa ita ce faɗin inci ɗaya ga kowace ƙafa ta tsawon jirgi, da tsawon inci 9 zuwa baya. Jirgi mai mita 7 ƙafa 23 ne, ke nan faranti mai faɗin wajen inci 24 in bangon zai ɗauka, in kuma inji ya cinye wurin sai a rage faɗi a ƙara tsawo. Mai sayarwa zai miƙo maka ƙarami don shi ke gare shi. Ƙaramin faranti sai an sauke shi sosai kafin ya yi aiki, a nan kuma ja yake fiye da tallaba. Jirgi mai nauyi marar gudu sosai shi ya fi buƙatar babba, saboda ƙa'idar nan ta ninki.

Wahalarsu: suna fitowa baya kusan taƙi guda ko fiye, suna kama igiya da tarun masunta da ciyawar nan mai kama da kainuwa da ke rufe ruwan Ikorodu a lokacinta. Jirgin da ake ja kan yashi kullum zai lanƙwasa su in an manta ba a ɗaga ba. A ruwan gishiri suna son a manna musu ɗan ƙarfen zinki da zai riƙa cinyewa a madadinsu. In igiya na bin ka ta baya, a ɗage su gaba ɗaya.

Wuƙa

Abin da masu sayarwa ke kira intasefta ba ta kwanciya baya kamar faranti. Wuƙa ce a tsaye cikin kube a jikin bangon baya, tana leƙowa ƙasa da santimita 3 zuwa 6 kacal. Wanda ya taɓa ban ruwa a fadama ya san abin: ka kafa allo a lambatu, ruwa ya taru a gabansa ya kumbura. Haka wuƙar ke tare siririn ruwan da ke bin cikin jirgi, matsi ya taru a gabanta, ya ɗaga cikin jirgin da kansa. Kamfanonin Suwidin ne suka yi fice a nan, Humphree, wanda Volvo Penta ya sayi mafi yawan hannun jarinsa a 2016, da Zipwake.

Da yake tafiyar wuƙar gajera ce, tana fita ta koma cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, faranti kuwa sai ya ɗauki daƙiƙoƙi da dama. Wannan saurin ne ya sa kwamfuta ke iya riƙe ta: ta fito gaba ɗaya lokacin tashi, ta janye da kanta in jirgi ya miƙe, ta riƙa gyara tangaɗi da kwanciya a kwana ba tare da direba ya taɓa komai ba. A matsakaici da babban gudu janta bai kai na faranti ba in tallabar ɗaya ce. Ba ta fitowa baya, ba ta kama taru. Seakeeper Ride da ya fito a 2022 ya kai abin wani mataki, kamfanin ya ce yana gyara zama sau 100 a daƙiƙa, amma shi don kwantar da jijjiga aka yi shi, tashi da wuri riba ce ta gefe.

To ina matsalar? Kuɗi na farko: fiffike 'yan gomomin daloli ne, faranti ɗaruruwa zuwa dubu da wani abu, wuƙa dubbai. Na biyu, a can ƙasan tudu inda gudu bai kai ba, matsin da 'yar wuƙa ke tarawa kaɗan ne, babban faranti yakan fi ta tallabar jirgi mai nauyi da ke fama. Ana rama wannan da jera wuƙaƙe su cika faɗin bango, amma a jirgi mai inji a tsakiya faɗin ba shi da yawa. Na uku, tana son lantarki mai tsabta da batir mai lafiya, kuma in kwamfutarta ta yi gardama bakaniken bakin tasha ba zai buɗe ta ba. Ga jirgin sintiri, ko na ɗaukar ma'aikata zuwa tsibirin Bonny, ko babban jirgin fasinja mai inji biyu da ke wuni a guje, ita ce zaɓi. Ga jirgin da matsalarsa ita ce haye tudu da mutum goma sha biyu a ciki, faranti mai girman da ya dace ya fi ta dacewa da aljihu da aikin.

Yadda muka yi da na Yaya

Ba mu sayi komai ba sai da muka auna. Waya mai GPS, agogon daƙiƙa, kaya iri ɗaya, wuri ɗaya. A tashi daga tsaye zuwa kilomita 30 a awa, sau uku ana tafiya sau uku ana dawowa saboda iska da jan ruwa, a rubuta. A kuma rubuta mafi ƙarancin gudun da jirgi ke iya zama a kan ruwa bai faɗo ba, don wannan lambar ce ke nuna mai nawa za a sha ranar da ruwa ya ɓaci. Sannan a canza abu ɗaya tak a sake. Wanda ya canza farfela ya sa fiffike ya matsa kaya rana ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ya yi aiki ba.

Tun kafin mu kunna agogo muka ga abin kunya. Na ce wa direban ya sauke ƙafa ciki, ya danna, ba abin da ya motsa. Rilen saukarwa, ɗan makunnin lantarkin da ke ba famfon wuta, ya ƙone tun makonni, ƙafar ta tsaya a rabi, shi kuma bai faɗa ba don kada a cire masa a albashi. Yaya ya dube shi ya dube ni, ya ce, "Wato saboda wannan ɗan abin na kusa sayar da fili?" Aka sake rile. Jarkoki huɗu da batir suka koma tsakiya. Agogon juyi ya nuna 4,800 da cikakken kaya alhali littafi ya ce 5,000 zuwa 6,000, muka sauko da farfela daga taku 17 zuwa 15, juyin ya shiga gida.

Abin da ya rage shi ne kwanciya gefe, don fasinja ba ya zama inda aka ce masa, kuma iskar yamma a kan ruwan Legas ba ta da alƙawari. Saboda wannan Yaya ya yi odar faranti masu famfon mai, mafi faɗin da bangon zai ɗauka. Suna hanya. Yaron jirgin dai har yanzu da an taka wuta sai ya buɗe baki zai ce a matso gaba, sai ya ga goshin ya riga ya sauko, ya mayar da bakinsa ya rufe.